Yatsana a Kan Maɓalli, Kande a Sama

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma gara in faɗa da bakina tun kafin Alhaji Ɗanlami mai faci ya riga ni: ni ne wawan cikinsa. Na duba gabas na duba yamma ko zan sami wanda zan jingina wa wautar, ban samu ba. Saboda haka mai dariya ya yi abarsa yanzu ya gama, don akwai tambaya a ƙarshe, kuma amsa nake nema, haƙoranku ku riƙe abinku.

Ga sababbin da aka jefo cikin wannan zaure namu na tsofaffin 'yan tasha, waɗanda ba su san ni ba, ni ne Malam Sale. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tsara layin manyan motoci, da bakina da hannuna da 'yar sandata ta dogon yaro. Ranar kasuwa tasharmu kan cika ta batse, amma ban taɓa haɗa mota biyu a ƙofa ɗaya ba, in ka cire sau ɗaya, shi ma laifin marigayi Mamman Dogo ne, zan zo kansa. Boko kuwa na yi aji huɗu cur, lokacin da aji huɗu yake aji huɗu, tun kafin a fara tsamo digiri kamar ƙosai daga kasko.

To ga inda gizo ke saƙar. 'Ya'ya sun haɗu sun biya mana kujerar Makka, ni da mai ɗakina Kande, an kuma ce jirginmu ranar Alhamis da safe, jibi ke nan. Na san abin da wasunku ke faɗa a bayan idona, wai shekara uku ina zille wa tafiyar nan don tsoron jirgi, shi ya sa har yau ni kaɗai ne Malam a tsakiyar alhazai. Ƙarya kuke yi. Jirgi ƙarfe ne, ni kuwa na san ƙarfe. Tsarin masu shi ne ban yarda da shi ba. Tsarin nan kuma na san shi ciki da bai, domin autata Zulai can take aiki, a saman doguwar hasumiyar nan ta filin jirgi. Ita ce mai ce wa matuƙa wannan ya sauka, wancan ya jira. Wato dai aikina ne aka ɗauka aka sa masa gilashi da na'urar sanyi. An kuma duba, ita ce a bakin aiki da safiyar Alhamis.

Jiya bayan magariba ta zo ta kawo mana jakunkuna da haramina. Kande ta ce mata, "Zulai, ki yi wa babanku bayanin yadda kuke yi, ko hankalinsa ya kwanta. Kwana uku ke nan ba ya cinye tuwonsa."

Na ce miyar ce ba gishiri. Ba wanda ya kula ni. Zulai ta gyara zama a bakin tabarma ta fara.

"Baba, abin ba wuya. Layin magana ɗaya ne tsakaninmu da duk jiragen da ke kusa. Akwai maɓalli, in ka danna kai kaɗai ake ji har sai ka saki. Shi ya sa ba a jan magana. Ka fara kiran sunan jirgi, ka faɗi abin da zai yi, ka saki. Shi kuma matuƙi ya maimaita maka abin da ka faɗa, don in ya..."

"Dakata. Ya maimaita? Kamar aku?"

"I, Baba, saboda in ya..."

"A ina kuke gaisawa?"

"Ba a gaisuwa, Baba. In ma an yi, kalma ɗaya ce."

Jama'a, kun ji fa. Mutum ya taso tun daga wata ƙasa, ya keto gajimare, ya iso sararin garinku, ba sallama ba ina gajiya, ya ce a ba shi titi. Ko akuya in za ta shigo gida tana ɗan yin kuka a zaure. Sannan wai ka ba shi umarni ya mayar maka da maganarka kalma bayan kalma. A tasharmu, yaron motar da ka yi wa magana ya maimaita maka, mari yake nema, kuma yana samu. Babba ya yi magana, a ce "to". Duniya da "to" aka gina ta. Na zauna na warware wa Zulai wannan duka, tun daga yadda muka shigo da gingimari goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya ta ƙofa ɗaya ranar da gada ta karye, har zuwa tarbiyyar yaran yanzu da aka tura makaranta suka dawo ba su iya durƙuso ba. Sau uku tana cewa, "Baba, ai dalilin..." ina ɗaga mata hannu. Da na ƙare na rufe mata da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau hasumiya ba zai hango ba. Ta tattara mayafinta ta ce, "Allah ya tashe mu lafiya, Baba," ta tafi. Na kwanta da daɗina, na ci muhawara.

Sai na gan ni a gindin hasumiyar. Amma a tsakiyar tsohuwar tasharmu take, daidai inda rumfar mai shayi take a da, matakalarta kuma tayoyin gingimari ne aka jera ɗaya bisa ɗaya. Na yi ta hawa, gwiwar nan tawa mai ƙara ko uffan ba ta ce ba. A sama babu kowa. Bencina na tasha yana nan, har da ƙusar nan da ta yaga mini wando uku. A gabansa an ajiye wata ƙatuwar ƙwarya cike da fura, ƙudaje biyu suna kewaya bakinta, na kuma sani, irin sanin da ake yi a mafarki, cewa ƙudajen nan jirage ne, ƙwaryar kuma ita ce na'urar da ake hango su. Wani ya zo ya rataya mini abin kunne, ya danƙa mini abin magana irin oba-oban 'yan sanda, mai jan maɓalli a gefe. Ban ga fuskarsa ba. Ya ce yau kai ne. Ya bi ta bango ya fita.

Ko ɗar ban ji ba. Na naɗe hannun riga na ce yau za a koya wa sama tarbiyya.

Na leƙa ta gilashi, ga jirage biyu suna shawagi kamar ungulaye a kan mahauta. Ɗaya fari ne fat, cike da maniyyata, an ɗaure kayansu a samansa da igiya, butoci na lilo a wutsiyarsa. A taga ta uku ga Kande zaune, da faifai a cinyarta, tana tsintar wake. Ban yi mamaki ba. Ɗayan tsoho ne mai bodin katako, an loda masa buhunan albasa har sun rufe fukafukai, a bayansa an rubuta "Komai nisan jifa", ba a ƙarasa ba, fenti ya ƙare.

Sai kawai wata murya ta faɗo mini cikin kunne, muryar saurayi matuƙin farin jirgin, busasshiya kamar an goge ta da toka. Ya faɗi wani suna da wasu lambobi da sauri, ban tsaya ji ba, sannan ya ce suna neman izinin sauka. Shi ke nan maganar. Ya tsaya yana jira, kamar wanda ya aiki bawan ubansa.

Na danna maɓalli.

"Salamu alaikum. Tunda kai ba a koya maka ba, bari ni in fara. Ina kwana? An zo lafiya? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya sanyin can sama? Yaya mutanen da ka baro? Kai ɗan gidan wane ne ma?"

Bayan kowace gaisuwa nakan ɗan dakata in ba shi dama ya amsa, yatsana na kan maɓallin. Shiru. Na ce ku ga ɗan banza, ina gaishe shi da furfurata yana yi mini kunnen uwar shegu. Na sake ɗaukowa daga fari. Shiru. Sai na shiga yi masa nasiha. Na gaya masa tuƙin jirgi ba komai ba ne, hanya ce fetal ba rami ba ɗan sanda ba garken shanu, ko makaho aka ɗora zai kai. Na gaya masa direban da ya taɓa hawan tudu da tirela cikin laka ya fi shi sau goma. Na gaya masa farar rigar da suke sawa da igiyoyin zinare a kafaɗa ba ta hana mutum zama sakarai. Na daɗe ina yi. A cikin ƙwarya, ƙudajen nan suna ta yin ƙasa, fiffiken ɗaya har ya fara taɓa fura.

Da yatsana ya gaji na saki. Sai muryar ta ɓarko kamar an ɓalle madatsar ruwa. Ya ce karo na biyar ke nan yana kira. Ya ce mansu ya yi ƙasa, suna buƙatar sauka yanzu.

Na yi dariya har bencin ya yi ƙara. Mai ya yi ƙasa! Ku 'yan tasha kun san waƙar nan. Duk direban da ke son tsallake layi, ko mansa ya ƙare, ko matarsa na naƙuda, ko gawa ya ɗauko. Akwai wanda uwarsa ta rasu sau huɗu a hannuna. Na danna na ce, "Yaro, wanda ya riga ka kwana ya riga ka tashi. Layi layi ne. Wancan na albasa ya riga ka zuwa, kuma ya girme ka. Ci gaba da kewayawa, iskar ai kyauta ce."

Sai kawai wata murya daban ta shigo, mai kauri, mai sanyi.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe, Sarkin Layi!"

Mamman Dogo. Shi ke tuƙa jirgin albasa. Mamman ya rasu tun Zulai na firamare, ni na riƙe makararsa ta dama, amma a mafarkin wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Ga waɗanda ba su riske shi ba, ba a yi direba mai ladabi irinsa ba. Komai ka ce masa, "To, ranka ya daɗe." Aibinsa ɗaya, ko ba da shi ake ba sai ya ce to. Ranar da na ce na haɗa mota biyu a ƙofa ɗaya, wani direba na nuna da sanda na ce ya yi baya ta ƙofar yamma, Mamman daga can gefe ya ce to, shi ma ya yi baya, suka matse rumfar mai shayi a tsakiya, tukunya ta yi sama, burodi ya watse. Wannan duk da na farka na tuna. A mafarkin murna kawai na yi, na sami mutum.

Muka gaisa gaisuwar mutane. Na tambayi tsohuwarsa, ya tambayi gwiwata. Na tambayi gyambon cikinsa, ya ce da sauƙi tun da ya koma can. Muka yi maganar albasar bana. Wani lokaci mukan danna tare, sai wata ƙara ta tsaga kunne kamar ana jan ƙarfe a kan kwalta, mu yi dariya mu sake. Tsakanin gaisuwarmu nakan ji guntun muryar saurayin nan tana leƙowa tana ɓacewa, kamar kan mai nutsewa a kogi. Ban kula ba. Manya na magana.

Sai farin jirgin ya yi tari. Tari sosai, irin na tsohon mashayin taba, har wani baƙin hayaƙi ya fito ta gefensa. Butoci biyu suka tsinke suka faɗo. Kande ta ɗago kai daga faifai ta dube ni ta cikin gilashi biyu, nata da nawa, ta mayar da kai ta ci gaba da tsintar wakenta.

Nan zuciyata ta ɗan yi laushi. Na ce bari in yi wa yaron alfarma, albarkacin wadda ke ciki, ba don ƙaryar mai ba. Kun san ni a tasha ba na kiran sunan direba, sanda ce ke kira. Na ɗaga sandata na nuna farin jirgin ta cikin gilashi, na danna na ce, "Kai, sauko. Ka biyo ta kan tsamiya, ka miƙe titi, ka tsaya gaban masallaci." Na saki.

Saurayin ya sake faɗin sunan nan nasa da lambobinsa, ya ce, "In biyo ta kan tsamiya, in miƙe titi. Hasumiya, tabbatar mini da ni ake, don..."

Jinina ya hau. Na danne shi tun bai rufe baki ba.

"Kwaikwayona kake? Ni sa'an wasanka ne? Uban wa ya ce ka mayar mini da maganata? To daga yau na hana maimaici a sararin nan. In na yi magana a ce to, a aikata. Na ce kai, sauko!"

Na saki. Na kasa kunne. Sai na ji, "To, ranka ya daɗe."

Na ce yauwa, yaro ya yi hankali. Ban lura muryar ta yi kauri ba.

Na jingina da bango ina jin kaina. Sai idona ya faɗa cikin ƙwarya, na ga ƙudajen nan biyu sun daina kewayawa, sun juyo sun fuskanci juna. Na miƙe na leƙa waje. Tsamiyar tasharmu ɗaya ce tun da aka kafa tasha, amma yanzu biyu ce, ɗaya a wannan bakin titi, ɗaya a wancan. Farin jirgi ya biyo ta kan ta gabas. Jirgin albasa ya biyo ta kan ta yamma. Titi ɗaya, hanci da hanci, kowa na bin umarnina.

Na danna na kwarara ihu, "Kai, koma!" Dukansu suka ɗan ɗaga. "Ba kai ba, kai!" Dukansu suka sake yin ƙasa. Na yi ta kaɗa sanda, na nuna wannan na nuna wancan, ba mai ganin sanda daga cikin gajimare. Na nemi sunan farin jirgin a kaina, sunan da yaron ya faɗa mini sau biyu, babu shi, ban taɓa saurara ba. Na buɗe baki zan kira Mamman da sunansa, abin da ya fito shi ne "ina gajiya". Na sake gwadawa, "yaya iyali". Bakina ya ƙi komai sai gaisuwa. Na buga bango da tafin hannu yadda muke buga bodin mota a tsaya, bangon ya lotsa kamar katifa.

Na ce to bari in saki ko ɗayansu ya yi magana. Yatsan ya ƙi tashi. Na duba, babban yatsana ya narke ya haɗe da maɓallin, ja da ja, ba ka gane inda nama ya ƙare roba ta fara. Na ja da ɗaya hannun. Na sa haƙoran da suka rage mini. Ko gezau.

Sai kawai ga Zulai a bayan gilashi, ta waje, tana tsaye a kan iska. Da kayan makarantar firamare take, da jakar buhu a kafaɗa, bakinta a buɗe kamar ranar da ta shigo da gudu za ta gaya mini ta zo ta ɗaya, ni kuma ina ba baƙi labarin gada. Na ƙifta ido, ta zama budurwa riƙe da wata takarda, bakin dai a buɗe. Na sake ƙiftawa, ga ta da kayan aikinta, da abin kunne, da nata abin maganar a hannu. Ban san abin da ya kawo wannan sauye-sauyen ba, mafarki ba ya rasa shirme. Tana danna nata maɓallin tana magana, leɓenta na motsi a natse, ba gaggawa, na kuma sani kalmomin da za su raba jiragen nan suna bakinta, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ba abin da ke fita. Layin yana hannuna. Duk sararin garin ba a jin komai sai numfashina da "ina gajiya".

Ta dube ni. Ta huro iska a jikin gilashin, ta rubuta da yatsa. A nan aji huɗu ya yi rana, na karanta: Baba, saki.

Na ɗaga mata hannun in nuna mata ba ya sakuwa. Ina jin ta ɗauka hannun nan ne da na saba ɗaga mata, don sai ta rufe bakinta ta sunkuyar da kai.

Jiragen suka matso. Ina ganin Mamman Dogo a gaban nasa, ya cire hula yana gaishe ni da ita. Ina ganin saurayin, ashe ɗan siriri ne, gumi ya jiƙa farar rigar. Kande ta buɗe tagar jirgi ta zubar da ƙaiƙayin wakenta, ta rufe, ta gyara ɗaurin kallabi, ta naɗe hannuwa a ƙirji tana kallona. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kururuwa ba. Irin kallon da takan yi mini ne in na ce wa baƙi ni na koya mata girki. Warin albasa ya cika hasumiya har idanuna suka kawo ruwa. Albasa ce, kada wani ya ce wani abu. Tsakanin hancin jirgi da hancin jirgi bai fi tsawon tabarma ba.

Sai na ji ladan. Na buɗe ido, ga rufin ɗakina, ga fanka a tsaye ba wuta. Matashina ya jiƙe. Babban yatsana kuwa ya nutse a tsintsiyar hannun Kande, tana ta cewa, "Malam, saki. Malam, sakar mini hannu." Ta ce ta daɗe tana faɗa, ni kuwa ina ta gaishe da wani.

To, jama'a, mafarkin ke nan, ban rage ba ban ƙara ba. Yanzu ga abin da nake so masu ilimin cikinku su duba mini, ban da Ɗanlami. Ni a nawa karatun, gargaɗi ne aka yi mini kada in hau jirgin Alhamis. Ku duba fa, tsarin da yatsa ɗaya zai iya toshe shi, wannan tsari ne? Mu a tasha mutum goma kan yi ihu lokaci guda kuma kowa ya ji nasa. Sannan mamaci ya tuƙo jirgi ya nufo iyalinka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsamiya biyu fa, me take nufi? Albasa a mafarki alheri ce ko kuka? In akwai wanda ya gaji littafin fassara daga kakansa, ya buɗe.

Ku kuma sani lokaci ya ƙure. In na ce na fasa, Kande ta rantse ita za ta tafi, ta dawo Hajiya da haƙorin Makka, ni in je tarbarta in riƙe mata jaka ina Malam, ku kuma ku samu abin taunawa har in mutu. In na ce zan tafi, na ɗauki raina na sa a bakin yarinyar da na yi wa huɗuba da kaina, ita da wani saurayi mara gaisuwa, su yi ta jefa wa juna magana kamar masu wasan aku. Akwai kuma wani abu da ke ɗan sosa ni. Jiya sau biyu tana cewa matuƙi yana maimaitawa ne "don in ya", ban san don in ya me ba. Na ɗauki waya sau biyu da safen nan zan tambaye ta, na ajiye. Uba ya kira 'yarsa ya ce ƙarasa mini maganar jiya, ina aka taɓa yi? To ku gaya mini, in hau ko kada in hau?

Kada wani ya ce in tambayi Kande, na riga na tambaye ta. Muna shan koko na kwashe mafarkin nan kaf na ba ta, na haɗa mata da fassarata, na kawo hujjoji. Ta buɗe baki sau biyu, na ce ta bari in kai aya. Da na kai, kokona ya huce, na ce, "To ke me kika gani?"

Ta dubi shatin yatsana a hannunta, ta dube ni.

"Ka saki, ko in ci gaba da kewayawa?"

Na ce na saki.

Ta ce, "Malam, mafarkin nan ba ya buƙatar littafi. Shekara arba'in da huɗu yatsanka na kan maɓallin nan a gidan nan, jiya ne kawai ka leƙa ta taga. Alhamis kuwa ka shiga jirginka lafiya lau. Abin da ya kusa kashe mu a mafarkin ai ɗaure shi za a yi a kujera, kusa da ni."